Makokin Ɗorawa

Zuru, watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Magdalene,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da aiki da ɗaliban nan naki masu ɓarnar takarda da fenti. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Matata Gladys tana gaisuwa, ga garin dawa da kuka ta bayar a hannun direban da zai miƙa miki wannan takarda. Kada ki ce don me ban kira ba. In na fara maganar nan a waya kuka za ki sa mini, ni kuma in kashe, mu tashi ba a yi komai ba.

Mama ba ta cin abinci.

Ba ragewa ta yi ba, dainawa ta yi. Kin tuna na gaya miki kafin Kirsimeti mun hau tsohon gidanmu na kan dutse, bayan ƙauyen Manga, jana'izar Goggo Hannah. Tun da muka sauko da Mama gari bayan rasuwar Baba ba ta sake taka wurin ba sai ranar. To, daga ranar ba ta ƙara sa tuwo da miya a bakinta ba. Kunu take sha tsurarsa, ba tsamiya ba sukari, shi ma rabin kofi. Gladys ta yi miyar kuka, ta yi ta kuɓewa, ta yi taushe, har kaza na yanka ba baƙo ba biki. Mama takan karɓi kwanon hannu biyu, ta yi godiya, ta sa albarka, sannan ta tura wa jikoki.

Na kai ta asibiti. Likita ya duba jini, ya duba ciki, ya ce bai ga komai ba sai tsufa, a dinga lallaɓa ta. Fasto ya zo ya yi addu'a, "amin" ɗinta ya fi na kowa ƙarfi, yana fita ta kife kwano. Na yi lallashi, na yi faɗa irin na bariki. Ta dube ni, ta ce da yarenmu, "Sila, je ka huta." Ni da na yi shekaru ina ba maza oda suna rugawa.

Ba na son in tayar miki da hankali, amma zaninta yanzu sau biyu yake zagaye ta. Tsoro nake ji, Magdalene, ga shi na faɗa. Ke ce 'yar lelenta, ke kika san kanta. Ki gaya mini abin yi.

Ni ne yayanki,
Sila

Kaduna, watan Fabrairu

Yaya Sila,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina gaida Anti Gladys da yara, na kuma gode da gari. Dabararka ba ta yi ba. Kukan da ka guje wa a waya na yi shi a tasha, gaban direban, har sai da ya sayo mini ruwa.

Na yi ta juya maganar, ga abin da nake gani, amma kada ka nuna wa Anti Gladys wannan wurin. Mama maginiyar tukwane ce tun tana budurwa. Duk tuwon da muka ci muna yara a tukunyar da ta gina da hannunta aka tuƙa shi, da yumɓun rafin nan na gindin dutse. Daddawar miya kuwa daga ɗorawar bayan gida take, ita ta tsinko, ta dafa kalwa, ta rufe da ganye har ta nuna. Yanzu fa? Tukunyar ƙarfe da magi. Ina jin hawan nan da ta yi ne ya tuna wa harshenta abin da ya rasa. Don Allah, Yaya, ka daure ka hau, ka ɗebo mata yumɓun rafin. In ta gina tukunya ta girka a ciki, ina sa rai za ta ci.

Kuma ina da tawa buƙatar, kada ka harare ni ta cikin takarda. Ka tuna Onyinyechi, 'yar Oga Emmanuel mai shago a kasuwar Zuru, wadda muka yi makaranta tare? Yanzu tana da gidan nuna zane a Abuja, ta gayyace ni a watan Yuni. Za mu rataye zanen wuraren da ɗan Adam ya ɓata, mu kuma dafa abin da wuraren suke iya bayarwa har yanzu. Masu kallo za su ci a tsaye gaban zanen, bakinsu ya ji abin da idonsu ya gani. Na san za ka ce aikin marasa aikin yi ne. Ka faɗa, amma ka duba mini yadda dutsenmu ya koma, ka kuma aiko mini da curin yumɓu ɗaya, ina so in niƙa shi in haɗa launi.

Ka riƙe mini hannun Mama ka ce ni ce.

Ƙanwarka,
Magdalene

Zuru, watan Maris

Magdalene,

Gaisuwa da fatan alheri. Na hau, kamar yadda hajiyar fenti ta ba da oda.

Ran jana'iza hankalina na kan makara, ban dubi komai ba. Na dai tuna Mama ta zame ita kaɗai ta zaga bayan kango, ta daɗe kafin ta dawo. Yanzu na ga abin da ta gani. Na shiga garuruwan da yaƙi ya ci, amma ban taɓa tsayawa na rasa abin faɗa ba sai a ƙofar gidan ubana.

Daga kangonmu har gangaren rafi babu itace ɗaya mai inuwa. Ɗorawa, kaɗanya, maɗaci, ƙirya, duk an mai da su gawayi an loda a mota. Sai kututture jere-jere, sun yi fari da rana, kamar mutane zaune a coci suna jiran mai wa'azi. Tsakaninsu ga baƙaƙen da'irori inda aka binne itace aka ƙona. Abin da ya fi kama ni shi ne shirun wurin. Ba kurciya, ba ƙudan zuma, ba komai, sai numfashina. Sama ta yi girma har ta ba ni tsoro, ina hango duwatsun da ban taɓa sanin ana ganinsu daga gidanmu ba. Na cire hula ban san na cire ba.

Rafin kuwa masu haƙar zinariya sun farke shi, ramuka ne ko'ina, ruwan cikinsu kore shar, sun kwashe kayansu sun yi gaba. A bangon wani rami na sami yumɓun, mai laushi, da wani ɗan ƙyalli a jikinsa. Na cika buhu na ɗauro a babur.

Da na zube shi gaban Mama ta daɗe tana kallo. Ta gutsura, ta murza, ta shinshina. Sai ta miƙe zaune sosai, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce Gladys ta ciro mata tsohon kwandonta na ƙarƙashin gado. Ashe kayan aikinta na nan: sakaina, ɗan katako, da dutsen nan mai santsi na goge tukunya. Yanzu kullum tana ƙarƙashin rumfa tana gini, tana wata waƙa ƙasa-ƙasa da ban sani ba. Ki ga yatsun nan da suka rame suna zagaya bakin tukunya, sai ki rantse ba ita ce ke kasa tashi ba.

Abu biyu dai. Ba tukunya ɗaya take ginawa ba, ta cika rumfa, ta ce in ƙaro buhu. Kuma har yanzu kunu ne. Ga curinki nan a leda.

Yayanki,
Sila

Kaduna, watan Maris

Yaya,

Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, na kira layinka bai shiga ba, shi ya sa na ruga tasha.

Kada a dafa komai a tukwanen nan. Ko ruwan sha kada a zuba. Ƙyallin da ka gani bai kwanta mini ba, na kai curin wurin wata abokiyar aikina da ke gwajin ƙasa, ta ce akwai dalma a ciki, mai yawa, haƙar nan ce ta tono ta ta gauraya da yumɓun. Guba ce mai cin jiki a hankali, yara ta fi yi wa illa. A hana jikoki zuwa rumfar, a dinga yayyafa ruwa kada ƙura ta tashi, Mama ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa kofinta.

Yaya, ƙasar da ta ciyar da mu ce fa. Na rasa yadda za ka gaya mata. In ka ƙwace yumɓun ka ƙwace abin da ya tashe ta zaune, in ka bar ta ta girka ta ci guba. Ka yi mata a hankali, don Allah, ban da muryar bariki.

Taka cikin damuwa,
Magdalene

Zuru, watan Afrilu

Ƙanwata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Kwantar da hankalinki ki karanta har ƙarshe, don ni da ke da likita duk mun yi kuskuren hanya.

Na durƙusa gabanta na yi bayanin dalma da duk taushin da Allah ya ba ni. Ta saurara har na gama. Sai ta ɗauko tukunya ɗaya da ba ta gama bushewa ba, ta kife ta, ta nuna mini gindin. A huje yake. Ta ɗaga ta biyu, ita ma haka. Ta ce, "Wa ya ce maka girki zan yi? Na san ƙasar ba ta da lafiya tun da na shinshina ta. Waɗannan na kabari ne."

Ke ba ki tarar ba, ni na ga ƙarshensa ina yaro. A da, in babban mutum ya mutu, manomi ko ɗan kokawa ko maharbi, matan gidan su Mama ne ke gina tukwanen da ake ɗorawa a kan kabarinsa, da siffofi a samansu. Mama ta bari tun da aka yi mata baftisma. Abin da ban sani ba shi ne, a gidansu, maginiya ba ta cin tuwo da miya daga ran da ta ga gawa har ran da ta aza tukunya. Kunu kawai. Na ce, "Mama, ai Goggo Hannah da Littafi Mai Tsarki aka binne ta." Ta ce, "Hannah ta sami masu yi mata kuka. Su wa suka yi wa itatuwan nan? Sun ciyar da kakanka, sun ciyar da ubanka, sun ciyar da kai har ka yi ƙarfin ɗaukar bindiga. An yanka su ba wanda ya ce sannu."

Makoki take yi, Magdalene. Wata da watanni tana makoki a tsakar gidana ina kai ta asibiti.

Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ni dattijon ikilisiya ne, ba ta so ta ja mini magana, kuma ba ta da ƙafar hawa ta ɗebo yumɓu, sai ta bar wa Allah.

Da za ki ga abin da ke rumfar nan. Kowace tukunya da itacenta, ta san su ɗaya-ɗaya kamar 'yan'uwa. Ta kaɗanyar bakin hanya tana da mace da kwando a ka. Ta maɗacin nan da Baba ke rataye amya tana da ƙudan zuma kewaye da wuyanta, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Wata da jemage, wata da cilakowa, wata da biri ya dafe kunne. Ni fa ban san uwata ta iya wannan ba. Na tsaya gabansu ina ta kallo.

Maganar ta kai coci, ba shakka. Wasu dattawa sun ce na bar gumaka a gidana. Fasto ya zo da kansa, ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ta ko za ta yi musu sujada ko yanka. Ta ce, "Fasto, godiya zan yi musu, sujada ta Mai sama ce." Ya tashi ya ce shi bai ga abin hanawa ba. Ba kowa ya yarda ba, akwai masu amsa gaisuwata da ƙyar. Su daɗe.

Mun gasa su a bayan gari, nesa da gidaje, da karan dawa. Ta ce dole a yayyafa musu ruwan makuba suna da zafi, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, shi ke ba su baƙin nan mai sheƙi. Dutsenmu ba ɗorawa ko ɗaya, sai da Gladys ta je har garin Mahuta ta samo, ta haɗo da daddawa. Mama ta ji daɗi, ta ce 'yan'uwan mamatan ne suka aiko da ta'aziyya.

Sai ruwa ya sauka za mu hau. Ki ci gaba da addu'a, ƙarfinta na raguwa.

Yayanki,
Sila

Zuru, ƙarshen watan Mayu

Magdalene,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso, na karanta wa Mama inda kika roƙi tukunya ɗaya ki kai Abuja. Ta ce in tambaye ki ko an taɓa ɗauke dutsen kabari a kai kasuwa. Amsarki ke nan.

Mun hau ranar Asabar, bayan ruwa ya sauka sosai. Na goya Mama daga inda babur ya tsaya, ba ta kai nauyin buhun gyaɗa ba. Ban gayyaci kowa ba, amma matan Manga sun ji, suka fito da gammo, kowace ta ɗauki tukunya. Na waiwaya na ga layinsu yana hawa a hankali.

Kin tambaye ni abin da dutsen ke iya bayarwa. Baƙaƙen da'irorin nan na gawayi, can sama nesa da ramukan haƙa, sun cika da ganye. Gasaya, lalo, tafasa, sun fito kore har da duhu, sun fi na ko'ina ƙiba, daidai inda wuta ta fi ci. Wasu kututturan kaɗanya kuma sun yi toho ta gefe, jajayen ganye masu taushi. Mama ta ce kada a sa wa waɗannan tukunya, ba su mutu ba, suma suka yi.

Sauran kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya ina riƙe da ita. Ta kira sunan itacen, ta faɗi abin da ya ba mu, mai ko daddawa ko magani ko inuwa, ta ce mun gode, sannan a aza. Cikin masu kallo har da ɗan Goggo Leah, wanda kowa ya san da gatarinsa aka yi aikin, don yunwa ba don mugunta ba. Ba wanda ya ce masa komai. Da aka zo kan maɗacin, shi ya karɓi tukunyar daga kan wata tsohuwa ya aza.

Da aka gama na tsaya a kango na duba gangaren. Rana ta fito bayan hadari, baƙaƙen tukwanen nan suna sheƙi a kan fararen kututture har ƙasa, da tsuntsayensu da dabbobinsu. Iska na shiga ta bakinsu tana fita da wata ƙara mai zurfi, kowace da muryarta. Ban san sunan abin da na ji ba. Na dai san wurin ya daina zama kufai.

Mata suka tsinki ganyen, Gladys ta kaɗa miya da daddawar Mahuta da man kaɗe, aka tuƙa tuwon dawa, kowa ya ci a nan ƙasa. Ban taɓa cin miya irinta ba, akwai ɗaci-ɗaci da ƙanshin toka a ciki. Na kai wa Mama kwano. Ta girgiza kai.

Saura ɗaya. Babbar ɗorawar bayan gida, wadda Baba ke hutawa a gindinta lokacin da yake golmo, noman da ya yi wa iyayen Mama kafin a ba shi ita. Kututturenta mutum uku sa zauna a kai. Tata tukunyar dole ta kai ƙugun mutum, Mama ta gwada ta rushe, ta sake ta rushe, hannun ba ƙarfi. Gladys ta ce za ta taya, Mama ta ce ba a yi, sai 'yar da ta fito daga cikin maginiya.

Na san taronku farkon Yuni ne, na san watanni kika yi kina shiri. Ba zan ba ki oda ba. Amma jiya da ƙyar ta shanye rabin kofin. Ta ce in za ki zo ki bar burushinki a can, ki yanke farce.

Ni ne yayanki,
Sila

Zuru, watan Yuni

Onyinyechi ƙawata,

Ina gaishe ki da kyau, da maigida da yara. Na ga Oga Emmanuel a shago, yana nan garau, shi zai aiko miki da wannan. Na ji an buɗe taro lafiya, na gode da kika rataye zanena ba na nan, kika kuma tsaya kan girkin a madadina. Ki yi haƙuri da abin da na yi miki.

Na gina tukunyar babbar ɗorawar. Mama na kwance a tabarma tana gyara ni da baki, ni ina zagaye yumɓu da safar hannu da tsumma a hanci, tana yi mini dariya. Ta ɗan karkace, wuyanta ya yi kauri. Mama ta ce mummuna ce, amma ta tsaya. A samanta ta sa na yi mutum biyu zaune, mace da namiji, da fartanya a gefe.

Jiya da hantsi muka aza ta. Mama ba ta yi dogon jawabi ba, ta dai dafa kututturen ta daɗe, leɓenta na motsi. Sannan ta ce a kawo mata ruwa da sabulu. Ta wanke hannu, ta jawo kwanon da kanta, ta gutsuri tuwo, ta dangwali miyar gasaya, ta kai baki. Yaya Sila, tsohon soja, ya juya mana baya wai yana duba hadari.

Ta cinye, Onyinyechi. Ta suɗe yatsunta, ta miƙa wa Anti Gladys kwanon ta ce a ƙara.

Taki har kullum,
Magdalene